Wasiƙa zuwa ga Baba daga Jakson, garin da famfo ya ƙafe

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun yi Sallah lafiya, ku da Inna da su Yaya da yara duka. Yaya ƙafar taku? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau, ni da iyali da jikarku, sai dai kewar gida.

Tun 2022 kuke tambayata a waya ko gaskiya ne abin da kuka ji a rediyo, cewa a Amurka akwai garin da ake layin ruwa, kuma garin da nake ne. Duk lokacin da na fara bayani sai layi ya tsinke ko jikarku ta ƙwace wayar. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin ku da kuka yi shekaru kuna bin bututu da sifana a hannu za ku fi kowa gane maganar.

Gaskiya ne, Baba. Jakson shi ne babban birnin jihar Misisipi, nan gidan gwamna yake, nan majalisa take, mutanensa kuma wajen dubu 150. A ƙarshen watan Agustan 2022 aka tafka ruwan sama, kogin Pearl ya cika ya batse. Babbar matatar ruwan garin, wadda ake kira O.B. Curtis, dama a kan ƙafa ɗaya take tsaye: manyan injinanta sun lalace, ƙanana na ko-ta-kwana ake lallaɓawa da su, ma'aikatan da suka san aikin kuma sun yi ƙaranci. Da ruwan ambaliya ya shigo da laka, tacewa ta gagara, ƙarfin ruwa ya faɗi a gari.

Da asuba na tashi alwala, na murɗa famfo, sai ya yi tari kamar tsohon da mura ta kama, ya tofo wani ruwa mai kalar shayi, bai kai cikin buta ba ya ɗauke. Na tsaya ina kallonsa. Da ruwan roba na yi alwalar ranar, ina tsiyayawa kaɗan-kaɗan kamar yadda kuka koya mana lokacin bazara idan mai garuwa bai zo ba. Kafin wannan ma, tun ƙarshen watan Yuli aka ce kada a sha sai an tafasa, ba a janye gargaɗin ba sai tsakiyar Satumba. Har wani jami'in lafiya ya shawarci mutane su rufe baki idan suna wanka. Uwar jikarku sai da ta riƙa tafasa tukunya biyu kullum, ta bari ta huce, sannan ta yi wa yarinyar wanka a baho.

Gwamna Tate Reeves ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka fito da sojojin jiha suna raba ruwan roba. Layin nan na motoci ne, Baba, ba na jarkoki ba. Ka shiga layi da motarka, ka yi ta matsawa a cikin zafi mai ɗanko, idan ka iso a buɗe bayan mota a zuba maka katan. Akwai kuma tankoki na ruwan da ba a sha, na kora bayan gida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ba shi da mota fa? Garin nan ba a yi shi don mai tafiya a ƙasa ba, babu ɗan acaɓa, babu mai kura da zai turo maka har ƙofar gida.

Maƙwabciyarmu tsohuwa ce baƙar fata, ta kusa tamanin, ita kaɗai take zaune. Na kai mata katan biyu, na tarar ta jera tukwane da bokitai a kicin, ta cika bahon wanka tun kafin famfo ya ɗauke, don ta saba. Ta ce in ajiye katan ɗaya, ɗayan in miƙa wa mutumin gidan da ke kallonmu, wanda ake wa wankin ƙoda. Daga ranar na zama ɗan aikenta. Cocinsu na rabo, masallacinmu na rabo, babu mai tambayar addinin wani. Ita ce ta zaunar da ni ta warware mini zaren garin.

Ta ce tana budurwa aka harbe Medgar Evers a ƙofar gidansa a nan Jakson, a 1963, saboda yana fafutukar baƙaƙe su samu 'yancin jefa ƙuri'a. Yanzu filin jirgin saman garin sunansa yake ɗauke da shi. Madatsar da muke shan ruwanta kuwa sunan Ross Barnett aka sa mata, gwamnan da ya tsaya kai da fata a 1962 don hana ɗalibi baƙar fata shiga jami'ar jihar. A 1970 kotu ta tilasta haɗa 'ya'yan farare da na baƙaƙe a makaranta ɗaya. Daga nan farare suka fara kwashe kayansu zuwa garuruwan gefe irin su Madison da Brandon da Clinton, daga baya baƙaƙe masu hali su ma suka bi. A 1980 mutanen Jakson sun haura dubu 200. Yau kusan takwas cikin goma na waɗanda suka rage baƙaƙe ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu suna cikin talauci.

To ku duba, Baba. Mutane sun tafi da harajinsu, amma bututun yana nan yadda yake, tsawonsa bai ragu ba, wasu sun haura shekara ɗari a ƙarƙashin ƙasa. Ku kuka sha faɗa mana cewa bututu ba ya mutuwa rana ɗaya, yoyo yake fara yi, a ɗaure da roba, a ce sai kasafin baɗi. Wallahi maganarku nake tunawa duk lokacin da na ga ruwa yana ɓulɓulowa daga tsakiyar kwalta a unguwarmu, ya yi kwanaki yana gudu. Minti ashirin a mota zuwa arewa, ka shiga garin da titi yake sumul, famfonsu bai taɓa tari ba.

Sai siyasa ta shigo. Magajin garinmu na lokacin, Chokwe Antar Lumumba, ɗan jam'iyyar Dimokurat ne. Gwamna da mafi yawan 'yan majalisar jiha 'yan Rifablikan ne. A watan Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da kayan matatar, wasu unguwanni suka yi kusan wata guda babu ruwa. Gari ya nemi jiha ta ba shi dala miliyan 47 don gyara, aka ba shi miliyan 3. Ya nemi izinin ƙara ɗan haraji a kan saye da sayarwa, maganar ta mutu a majalisa. Jiha na cewa gari bai iya riƙon amana ba, gari na cewa an bar shi da gangan. Ba zan ɓoye muku ba, masu mulkin garin ma da nasu laifin. An taɓa kashe kusan dala miliyan 90 a kan sababbin mitoci da tsarin karɓar kuɗin ruwa, abin ya watse, wasu suka yi watanni ba su ga takardar biya ba, wasu aka aiko musu da kuɗin da ya fi ƙarfin hankali. Amma a nawa ganin, wanda ke riƙe da babbar jaka, yana kallon tagar ofishinsa yana ganin garin na lalacewa shekara da shekaru, shi ya fi ɗaukar nauyi. Idan giwaye suka yi faɗa kuwa, kun san wanda ke shan wuya. Tsohuwar nan ce da tukwanenta.

A watan Nuwamban 2022 wani alƙalin tarayya ya damƙa ragamar ruwan a hannun wani injiniya mai suna Ted Henifin, ba ƙarƙashin gari ba, ba ƙarƙashin jiha ba. A Disamba majalisar dokokin tarayya ta ware dala miliyan 600. Ana cikin murna sai sanyin Kirsimeti ya sake fasa bututu, muka koma layi. Yanzu dai an samu sauƙi, ina ganin ma'aikata suna tona tituna suna ɗinke yoyo, ruwa yana zuwa da ƙarfinsa.

Abin da ya tayar da ƙura a 2023 shi ne, kuɗi na sauka sai ga wani ƙuduri a majalisar jiha na mayar da ruwan ƙarƙashin wata hukuma da manyan jiha za su naɗa yawancin membobinta. Wannan bai wuce ba. Wanda ya wuce, gwamna ya sa wa hannu a Afrilu, shi ne na faɗaɗa ikon 'yan sandan jiha a cikin Jakson da kafa wata kotu da za a naɗa alƙalinta daga sama, alhali a nan mutane suka saba zaɓen alƙalansu. Masu goyon baya suna cewa kashe-kashe sun yi yawa a garin, kuma hakan gaskiya ne, da dare muna jin ƙarar bindiga. Maƙwabciyata ta girgiza kai ta ce ta ga zamanin da ake yanke wa baƙaƙe hukunci ba tare da an tambaye su ba, ba ta so ta mutu a cikin irinsa. Maganar ta kai har kotu.

Akwai zaɓen gwamna nan gaba. Ni ba ni da ƙuri'a tukuna, amma na yi mata alkawarin zan ɗauki hutu a wurin aiki in kai ta rumfar zaɓe, da ita da ƙawayenta biyu na coci.

Har yanzu akwai katan shida na ruwa a ƙarƙashin gadonmu, uwar jikarku ta ce ba za a taɓa su ba. Na turo saƙo ta hannun Yaya. A cire na maganinku da na Inna, sauran a haɗa da na maƙwabta a gyara famfon burtsatsen bakin masallaci kafin damina ta kankama. Ku duba aikin da kanku, Baba, kada a sa ƙaramin bututu.

A gaida Inna da Gwaggo da Kawu, a gaida Liman. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku mai biyayya,
daga Jakson, Misisipi