Magungunan da ke raunana garkuwar jiki da ciwon ƙwaƙwalwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin jama'a kan magungunan da ke danne garkuwar jiki. A 2005 an dakatar da sayar da Tysabri, wani maganin ciwon jijiyoyi mai danne garkuwar jiki, a Amurka bayan wasu masu amfani da shi sun kamu da PML, ciwon ƙwaƙwalwa da ƙwayar cutar JC ke haddasawa. Ƙwayar tana kwance a jikin mutane da dama ba ta komai, sai garkuwa ta yi rauni ta farka. A 2006 aka dawo da maganin bisa tsauraran sharuɗɗa. Raptiva kuwa, wani maganin ciwon fata, an janye shi a 2009 saboda wannan ciwo na PML.

Wani zai ce wannan na Turawa ne. To, mu namu ya fi kusa. A Kaduna yarinya za ta shiga kemis ta sayi dexamethasone don ta yi ƙiba, babu takardar likita, a ƙunsa mata a leda. Fuska ta kumbura, a ce ta murje. Alhali shi ma yana danne garkuwar jiki, daɗewa ana shansa na buɗe wa tarin fuka da sanƙarau ƙofa.

Wanda likita ya ɗora a kai kada ya daina farat ɗaya, akwai haɗari. Amma NAFDAC ta leƙa kemis-kemis ɗin unguwanni.

Wata mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna