Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarinmu a kan John Biggs da Masaƙan Safa na Lesta

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Kamar yadda babban taro ya amince, ƙungiyarmu ta masu nazarin tarihin birnin Lesta (Leicester) da ke Ingila ta keɓe wannan shekara ga rayuwar John Biggs, attajirin safa da aka haifa a 1801, wanda ya riƙe kujerar magajin gari har sau uku, sannan ya wakilci birnin a majalisar dokokin Birtaniya daga 1856 zuwa 1862.

Mun fara da zaman karatu na wata-wata, daga bisani muka ziyarci mutum-mutuminsa da ke Welford Place, wanda jama'ar gari suka yi karo-karo suka kafa bayan rasuwarsa a 1871, alhali kasuwancinsa ya riga ya karye tun yana raye.

Ziyarar da ta fi tsaya wa mambobi a rai ita ce ta gidan tarihin masaƙa da ke Wigston, kusa da Lesta. A can muka ga injin saƙar da William Lee ya ƙirƙira asalinsa a 1589, ƙarfe da katako, ana sarrafa shi da hannu da ƙafa, an jera shi a gindin dogayen tagogi domin kada hasken rana ya wuce a banza. Masaƙi ba shi ne mai injin ba. Haya yake biya duk mako, ko an ba shi aiki ko ba a ba shi ba, kuma sai a 1874 doka ta hana cire wannan kuɗi daga ladansa.

Daga nan ne muhawararmu ta yi zafi. Wasu suna ganin Biggs masoyin talaka ne, tunda ya yi fafutukar faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a. Wasu kuma suka kawo shaidar sha'iri Thomas Cooper, wanda ya zo Lesta a 1840 a matsayin ɗan jarida, ya tarar da masaƙan da abin da ke shiga hannunsu a mako bai wuce sule huɗu da sisi ba. A ganin kwamiti, ba za a auna Biggs daidai ba sai an ji ta bakin waɗanda suka saƙa masa dukiyar.

Saboda haka muke ba da shawarar a keɓe baɗi ga Cooper da doguwar waƙar da ya rubuta a kurkukun Stafford. Fassarar tarihin Biggs zuwa Hausa ba ta kammala ba saboda ƙarancin masu taimakawa, don haka duk mai sha'awa ya sanar da sakatare kafin taro na gaba.