Mu Daina Karɓe Waya Daga Hannun Dattawanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ke faruwa a gidaje da yawa amma ba kasafai ake ɗaukarsa da muhimmanci ba, wato faman da iyayenmu da kakanninmu suke yi da babbar waya da manhajojin aika saƙo, da kuma irin rawar da mu 'ya'yansu muke takawa a wannan fama. Abin da na gani da idona ya tabbatar mini cewa yawancin dattawan da ake cewa sun kasa koyon waya ba kasawa suka yi ba, sai dai ba a taɓa barin wayar a hannunsu tsawon lokacin da za su koya ba.

Mahaifiyata ta haura shekara saba'in. Ƙanena da ke aiki a wata ƙasa mai nisa ya aiko mata da babbar waya domin su riƙa gaisawa, amma wayar ta yi watanni a cikin kwalinta, ita kuwa tana nan da ƙaramar wayarta mai maɓallai wadda ta saba da ita. Duk lokacin da ta ce, "Zo ka nuna mini yadda zan ji muryar ɗan'uwanka," sai in karɓi wayar, in latsa nan in latsa can cikin daƙiƙa biyar, in miƙa mata in ce, "Ga shi nan, Inna." A ganina taimako nake yi. Wata rana da yamma ta riƙe wayar gam, ta ƙi sakar mini, ta dube ni ta ce, "Kai kullum yi mini kake yi, ba koya mini kake yi ba. Ranar da ba ka nan fa?" Tun daga wannan rana na fara zama kusa da ita ina kallon yatsunta maimakon kallon wayar, kuma a nan ne na fahimci abubuwan da ban taɓa kawowa a raina ba.

Fuskar babbar waya ba ƙarfin dannawa take ji ba, ɗan lantarkin da ke ratsa fatar mutum take ji, kuma fatar tsoho ta fi ta yaro bushewa, shi ya sa sau da yawa dattijo zai taɓa wuri daidai amma wayar ta yi kamar ba a taɓa ta ba. Idan ya ƙara ƙarfi ya daɗe bai ɗaga yatsa ba, sai wayar ta ɗauka wani umarni dabam ya ba ta, domin taɓawa sau ɗaya, da dannawa a riƙe, da shafawa, umarni uku ne mabambanta, alhali hannun da ke ɗan rawa yana iya haɗa ukun a motsi guda. Ƙaramar waya tana da maɓallin da yatsa ke jin ya nutse ya dawo, wannan kuwa gilashi ne sumul wanda ba ya ba yatsa wata amsa. Ga kuma ido, wanda tun daga wajen shekara arba'in yake fara gaza ganin ƙananan rubutu na kusa, ga kunne da ke fara rasa siraran sautuka irin waɗanda wayoyi ke sanar da shigowar saƙo da su. Duk waɗannan al'amura ne na jiki, babu ruwansu da kaifin hankali.

Mu tuna kuma cewa iPhone ta farko a shekarar 2007 ta fito, wayar Android ta farko kuma a 2008. Mutumin da aka haifa a 1950 ya riga ya kai shekara 57 kafin a fara sayar da irin wannan waya, ya yi aikinsa, ya aurar da 'ya'ya, ya tafiyar da rayuwarsa duka ba tare da ya taɓa buƙatar sanin cewa ɗigo uku a saman kusurwa na nufin akwai wasu zaɓuɓɓuka a ɓoye ba. Waɗannan alamomi babu wanda aka haifa da saninsu, mu ma koyo muka yi, sai dai mun koya da wasa, ba ma tsoron ɓata komai. Shi kuwa dattijo yana taɓa wayar ne da fargabar kada ya goge wani abu ko ya lalata kayan da ɗansa ya sha wahala ya saya masa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda masu ƙera manhajoji suke sauya wuraren maɓallai duk lokacin da suka sabunta su, alhali tsoho da wuri yake gane abu, ya haddace cewa na kore yana ƙasa ta dama, to ranar da aka matsar da shi an mayar da shi farkon karatu.

A ra'ayina, babu wata ƙofa da ta buɗe wa dattawa wannan duniya kamar saƙon murya. WhatsApp ya fara aiki a 2009 a matsayin manhajar rubutu, a 2013 aka ƙara masa saƙon murya, a 2015 kiran murya, a 2016 kuma kiran bidiyo. Daga cikin waɗannan duka, saƙon murya ne ya fi dacewa da tsoho, saboda ba ya buƙatar iya rubutu ko ganin ƙananan haruffa, ba ya buƙatar mutanen biyu su sami sarari a lokaci guda, kuma ko sabis ya yi rauni saƙon zai jira har ya samu hanya ya tafi. Saƙonnin Inna na farko duk na daƙiƙa biyu ne, sallama kawai ake ji sai su yanke, domin da zarar ta fara magana sai ta ɗaga yatsa daga alamar makirufo ta kai wayar kunne, kamar yadda ta saba yi shekara da shekaru. Sai da muka yi kwana uku a kan wannan abu guda, hannuwana suna kan cinyata ban taɓa wayar ba, har ta gane cewa idan ta danna ta ja yatsan sama, ɗaukar muryar za ta kulle ta ci gaba da kanta. Ranar da saƙonta na farko ya tafi cikakke, ta gaida ƙanena, ta tambayi matarsa, ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sannan ta saurari muryar kanta sau biyu tana murmushi.

A nan ina da kira ga 'yan'uwana matasa. Dattijon da ya koyi aika saƙo ba ya daɗewa kafin ya koyi ma'anar alamomin nan biyu da ke komawa shuɗi idan an buɗe saƙo, waɗanda aka shigo da su tun 2014. Ya san ka ji, ya kuma san ba ka amsa ba. Mu da muke cikin zaurukan WhatsApp goma sha, saƙo ɗaya da bai samu amsa ba ba komai ba ne a wurinmu, amma ga wanda ya yi sati yana koyon yadda zai aiko shi, shirun nan yana da nauyi, kuma yana daga cikin dalilan da ke sa wasu su mayar da wayar kwali.

Shekarar 2020 ta nuna mana cewa wannan ba maganar ƙawa ba ce. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris na wannan shekara, tsofaffi ne aka fi gargaɗi su killace kansu saboda su cutar ta fi yi wa illa, kuma waɗanda suka riga suka iya kiran bidiyo sun ci gaba da ganin fuskokin jikokinsu, sauran kuwa suka yi watanni cikin kaɗaici. Ba mamaki da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware bikin Ranar Tsofaffi ta 1 ga Oktoban 2021 ga batun daidaito tsakanin manya da yara wajen cin moriyar fasahar zamani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050.

Sai dai duk wanda ya buɗe wa mahaifinsa wannan ƙofa ya bar shi ba tare da gargaɗi ba, ya yi rabin aiki ne, domin 'yan damfara sun fi kowa sanin cewa dattijo mutum ne mai kara, ba ya son katse wanda ya yi masa magana da ladabi. Wani kawuna ya gamu da wannan. An kira shi cikin girmamawa aka ce za a saka shi a wani taro da za a yi ta waya, aka ce an turo masa lambobi shida, ya taimaka ya karanto su. Ya karanto. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin da manhajar ke aiko wa mai layi idan ana son buɗe asusunsa a wata wayar, don haka cikin minti kaɗan asusun ya koma hannun ɓarayi, suka shiga aika wa dangi saƙo da sunansa da hotonsa suna neman a turo kuɗi cikin gaggawa. An dawo da asusun daga baya, amma abin da ya fi yi masa ciwo kunya ce, musamman da wasu yaran gidan suka yi ta cewa, "Kawu, ai kowa ya san wannan." Ya ajiye wayar kusan wata biyu bai taɓa ta ba. Faɗa irin wannan ba ya kare kowa, abin da yake haifarwa shi ne dattijo ya ɓoye idan abin ya sake faruwa, kuma ɓoyewar nan ita ɓarawo yake so.

Kariyar ba ta da wuya. Tun 2017 WhatsApp ya samar da tabbaci mai hawa biyu, inda mai waya zai zaɓi wasu lambobin sirri shida na kansa, ta yadda ko ɓarawo ya samu lambobin da aka turo ba zai iya shiga ba, kuma saita shi ba ya cin minti uku. Bayan wannan, ƙa'ida biyu sun ishi dattijo ya riƙe: kada ya karanta wa kowa lambar da aka turo masa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake, kuma duk saƙon da ya nemi kuɗi, ya ajiye shi ya kira mutumin da kansa a lambar da ya sani, tun da yanzu har muryar mutum ana iya kwaikwaya da kwamfuta. Haka nan yana da kyau a nuna masa alamar da ke saman saƙon da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, wadda aka fara sakawa a 2018, domin mutumin da ya tashi a zamanin da rubutu ba ya fita sai edita irinka ya duba shi, yakan ɗauki duk abin da ya zo a rubuce da muhimmanci, har da saƙonnin da ke cewa a bar maganin likita. Ko da yake, a gaskiya, matasa ma ba su fi su tsira daga wannan ba.

Koyarwar kanta haƙuri take so fiye da ilimi. Abu ɗaya a zama ɗaya ya isa, wayar tana hannunsa, shi ne mai latsawa, kuma idan yana rubutu a bar shi ya rubuta matakan a littafinsa da kalmominsa. Kafin a fara, a ƙara girman rubutu, a kwashe manhajojin da ba ya buƙata daga fuskar wayar, a saka hoton kowane ɗa a kan lambarsa, a kafe hirar mutum biyu ko uku da ya fi magana da su a sama, a kuma kashe sauke hotuna da bidiyo kai tsaye don kada zauruka su cika masa ma'ajiya su cinye masa data. Kuma kasancewar kai ka saita masa wayar bai ba ka izinin karanta saƙonninsa ba, sirrinsa yana nan kamar yadda yake kafin wayar ta zo.

Akwai kuma dattijon da zai ce shi ƙaramar wayarsa ta ishe shi, kuma yana da haƙƙin faɗin haka. Abin da bai dace ba shi ne labarin haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa ya yi ta yawo a zauren dangi tun safe, dattijon gida kuma ya zama na ƙarshen ji saboda kowa ya ɗauka ai an saka a zaure. Wanda ba ya ciki a ɗaga waya a kira shi.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi a jaridar nan kowane mako, da manyan haruffa da hoton fuskar waya, a riƙa koyar da abu ɗaya tak cikin Hausa mai sauƙi, ta yadda dattijo zai yanke shafin ya ajiye kusa da shi ya bi a hankali ba tare da jiran kowa ba. Ina ba da shawarar darasin farko ya zama yadda ake ɗaukar saƙon murya a kulle shi, na biyu kuma ya zama lambobin nan shida da ba a faɗa wa kowa. Na karanta wa Inna wannan wasiƙa kafin in aiko, ta ce in ƙara da cewa na uku ya zama yadda ake mayar da kyamara ta daina kallon rufin ɗaki idan ana kiran bidiyo, domin a nan muke yanzu ni da ita.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum