Wasiƙa zuwa ga Yaya, daga Yuta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da Anti da yara baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonka na murya ya iso, kuma ya dame ni ƙwarai. Ka ce Inna ta kasa barci don an yi ta neman wayata ba ta shiga, sai kuma ga hotona a zauren dangi na WhatsApp, har Kawu na cewa ina can ina shan iska a kwalekwale alhali gida ana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Ka faɗa wa Inna ta kwantar da hankalinta, inda muka shiga ne babu sabis ko kaɗan. Kawu kuwa babba ne, ba zan yi ja-in-ja da shi ba. Amma ka sanar da shi karatu ne ya kai ni, sashenmu ne ya ɗauki nauyin tafiyar, ko sisi ban taɓa ba daga kuɗin haƙa rijiyar gidanmu.

Wani kogi muka bi da ake kira Green River, cikin kwazazzabon Labyrinth a kudancin jihar Yuta ta Amurka, da malaminmu na ilimin duwatsu da jagora guda. Mutum biyu-biyu a kwalekwale, kowa da filafili da rigar hana nutsewa, mu wuni muna tuƙi, mu kafa tanti a kan yashi mu kwana. Ruwan a kwance yake, babu wani haɗari. Sai dai duk laka ne, ba ya shawuwa, a jarka muka ɗauki na sha. Akwai rana da sauro, amma wanda ya tashi a garinmu ba zai kira wannan wahala ba. Salla ma ban rasa ko ɗaya ba, ka faɗa wa Inna.

Yaya, da ma kana wurin. Bangon dutse ja wur dama da hagu, wani ya ninka hasumiyar masallacin Juma'a sau da yawa, hawa-hawa kamar an jibge tabarmi. Kogin ne ya yi ta yankan ƙasa har ya tona su, shi ya sa duk gangarawar da muka ƙara sai tsofaffin duwatsu su fito. Akwai hawan da ake kira Navajo, mai ɗan haske. Malam ya sa muka shafa shi, sai ga yashi na zubowa a tafin hannu. Ashe tuddan rairayi ne na wata hamada da ta rufe yankin kimanin shekara miliyan 190 da suka wuce, har yau ana ganin zanen da iska ta yi a karkace, ana gane daga ina take busowa. Can ƙasa akwai hawan da ake kira Chinle, inda aka haƙi yuraniyom a shekarun 1950, ramukan na nan a jikin dutse. Da malam ya tambaya ina kuma ake samunsa a dutsen yashi, ni na ce Arlit ta Nijar, ya jinjina kai. Ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata 'yar maɓuɓɓuga a wani lungu. Wuri ƙayau, babu ko ciyawa, sai ga layi guda a tsakiyar bango yana tsattsafo da ruwa, ganye kore shar ya bi shi. Dutsen sama mai shan ruwa ne, ruwan sama ya ratsa shi a hankali, da ya tarar da hawan Kayenta wanda ba ya barin ruwa ya wuce sosai, sai ya fito ta gefe. Taku kaɗan gaba, babu ko ɗigo.

To a nan nake so ka saurare ni. Ƙasar gidanmu ba irin wannan ba ce, tsauri ne da ita, dutsen da ke ƙarƙashin Kano ba ya riƙe ruwa sai inda ya tsage ko ya ruɓe. Shi ya sa maƙwabcinmu ya haƙa burtsatse bai samu komai ba, na bayan layi kuwa ya samu. Kuɗin da na turo ranar Litinin, kada ka ba mai injin haƙa ko kobo sai an kira masu safiyo sun auna filin da na'urarsu, sun nuna wuri da zurfi a rubuce. Ka ɗauki hoton takardar ka turo mini in duba. Na san Kawu zai ce ɓarnar kuɗi ce, yana da mutuminsa mai sauƙi. Ka ba shi haƙuri, ka ce ni na ƙi. Ban tara kuɗin nan cikin sauƙi ba, aikin dare nake yi bayan lacca.

Ka cire na maganin Inna tukuna, sannan kuɗin makarantar Auta, sauran ka riƙe a asusunka. Kada ka ranta wa kowa, ko wane ne. Auta kuma na ji ya fara kwana a shagon cajin waya, ka ja masa kunne tun yanzu.

Wallahi ina tuƙa kwalekwalen nan a kan ruwa mai yawa haka, tunanina na kan Inna tana ƙirga jarkoki. Ku ne kuke ɗauke da gidan, ni daga nesa sai umarni nake bayarwa, na sani. Allah ya saka maka da alheri.

A yi safiyo kafin a kawo inji, Yaya, don Allah. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a wajenku, ka kasance kusa da Inna. Idan an samu mai tahowa, a haɗo mini kuka da daddawa. Ka gaida Gwaggo da Malam Liman.

Ƙaninka.