Na koma ga rubutu bayan shekara 9, hannuna ya ƙi

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Allah ya ƙara basira.

Ni mace ce 'yar shekara 34. Tun ina sakandare nake rubuta labarai, har a bayan littafin lissafi na sha yi, malami na ta bayani ni kuwa ina can ina haɗa mutane faɗa a takarda. Ina tsakiyar wani dogon labari aka yi aurena. Sai haihuwa, sai aiki, sai jinyar mahaifiyata ta kusan shekara 3 har Allah ya karɓi abarsa. Ban taɓa cewa na daina rubutu ba. Kullum gobe nake cewa, goben nan ita ce ta kai shekara 9.

Watan jiya ina kwashe kaya daga wani tsohon akwati na ci karo da littattafan. Guda 4 ne masu shafi 80, robar da na ɗaure su da ita har ta narke ta manne a bango. Babi na 11 ya tsaya a tsakiyar jimla: "Da ta buɗe ƙofar sai ta ga..." Wallahi Anti na daɗe zaune a ƙasa, na kasa tuna wa ta gani. Ni da na rubuta!

Yanzu ba lokaci ne matsalata ba, yara sun tasa, nakan samu minti 40 bayan sun kwanta. Sai dai in rubuta sakin layi ɗaya, in karanta, in goge. A waya nake yi yanzu, kuma ina zargin tana da hannu a ciki. Da a takarda in na soke layi yana nan ina ganinsa, wani lokaci ma in dawo in ɗauke shi. Waya kuwa ko alama ba ta bari. Mako 3 ke nan, abin da ya tsira bai kai kalma 200 ba. Duk shekarun nan ban daina karatu ba, shi ya sa kunnena ya waye, ina jin hirar da ke da rai da wadda marubuci ya cusa wa mutane a baki. Tawa ta biyun ce, kuma tun kafin in kai aya nake ganewa.

Abin da ya fi damuna shi ne jarumar. 'Yar shekara 22 ce, na ba ta gaskiya a komai, uwarta kuma na mai da ita mai taurin kai da ba ta fahimtar kowa. Da na sake karantawa sai na tsinci kaina a bayan uwar. Akwai wurin da yarinyar ta yi mata tsawa ta fice, a da ina alfahari da shafin nan, ranar kuwa rufe littafin na yi ina hawaye. In na ci gaba a yadda nake yanzu, mai karatu zai ji kamar mutum biyu ne suka rubuta.

Ƙawata ta ce in bar shi in fara sabo, wai tsohon labari nauyi ne. Ni kuma ina jin kamar na bar mutane tsaye a bakin ƙofa.

Don Allah Anti ki ba ni shawara. In ƙarasa shi a haka, ko in koma babi na 1 in ba uwar haƙƙinta? Kuma ya zan yi in hana kaina gogewa har in cika ko shafi ɗaya ne?

Na gode. A sakaya sunana.