Na zaɓi farawa da ƙaramin lasisin jinya, Yayata ta daina ɗaga wayata

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da duk abokan aikinki. Ina bibiyar shirinki ta intanet kusan kowane mako. Lokacin da kike yi wa mutanen gida barka da dare, mu nan la'asar ce take gabatowa, yawanci ina gidan aiki ina ninke wanki, abin sauraro a kunne ɗaya. Sau da yawa na ji kin warware wa mutane abin da ya fi nawa nauyi, shi ya sa na kawo miki kukana.

Ni 'yar Katsina ce, shekaruna 34, 'ya'yana uku. Na biyo maigidana Amurka a 2018, muna zaune a Bronx cikin birnin New York. Shi tuƙin haya yake yi. Ni kuma tun 2019 nake aikin kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, sauya musu kaya, girki, raka su asibiti, tuna musu lokacin shan magani. Ko a watannin korona na 2020, sa'ad da jiniyar motar asibiti ba ta yankewa dare da rana a unguwarmu, ban fasa fita ba. Har yau abin da ake biyana a awa bai kai dala 20 ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar Puerto Rico da na yi wa aiki kusan shekara biyu, tana fama da ciwon zuciya. Wata safiyar Alhamis na cire mata safa zan yi mata wanka, sai na ga bakin safar ya nutse cikin ƙwaurinta ya bar zobe. Na danna da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na duba gadonta na ga filo uku ta jera, alhali da ɗaya take kwana. Na ɗora ta kan ma'auni, nauyinta ya ƙaru a kan na ranar Litinin. Ita dai cewa take lafiyarta ƙalau, gishiri ne ya yi yawa a miyar da jikarta ta kawo. Ban saurare ta ba na kira nas. Da nas ɗin ta zo ta sa abin sauraro a bayanta, ko minti biyu ba ta yi ba ta ce ruwa ya fara taruwa a huhu, a tafi asibiti yanzu. Muna jiran motar asibiti a bakin ƙofa nas ɗin ta dube ni ta ce, me ya hana ki karatun nas? Anti, tun daga ranar maganar nan ba ta bar raina ba.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake a nan, don shi ne tushen rigimar. Aikin jinya a Amurka hawa-hawa ne. Akwai RN, cikakkiyar nas, wadda ita ke tantance halin mara lafiya ta tsara yadda za a yi jinyarsa. Yawanci ana kai wa nan ta hanya biyu: karatun shekara biyu a kwaleji ko digirin shekara huɗu a jami'a, sannan a ci jarrabawar NCLEX-RN. Ƙasa da ita akwai LPN, wadda a jihohin Texas da California suke kira LVN. Ita karatunta kamar shekara ɗaya ne, ko ya ɗan ɗara idan na yamma ne, sai a rubuta NCLEX-PN, hukumar jiha ta ba da lasisi. Tana ba da magani, tana yin allura, tana wanke ciwo ta ɗaure, tana awon jini da na sukari, amma a ƙarƙashin kulawar RN ko likita. Yawancinsu a gidajen kula da tsofaffi suke aiki, da ƙananan asibitoci, da gidajen marasa lafiya.

Shekara biyun nan na RN a takarda ne kawai suke biyu. Kafin a ko duba takardarki sai kin gama darussan share fage: ilimin sassan jiki kashi na ɗaya da na biyu, ilimin ƙwayoyin cuta, Turanci, lissafi da sauransu, kuma da maki mai kyau sosai, don masu nema sun ninka kujerun. Na yi NCE a fannin kimiyya a gida, amma da na kai takarduna aka ce darussan kimiyyar sun tsufa, sai na sake su. Na zauna da biro da takarda na lissafa: ga mai aiki da goyo irina, shekara ɗaya da rabi na share fage, watakila wata shekarar ta jiran gurbi, sannan shekara biyun. Shekara huɗu ke nan zuwa biyar ina kan albashin da nake kai yanzu, ko ma ƙasa da shi tunda dole in rage awannin aiki. Ga kuɗin haya da ke cinye fiye da rabin abin da muke samu mu biyun. Ga Innata a gida da ciwon sukari, ni ke aika kuɗin maganinta duk wata.

Sai na nemi LPN. Na ci jarrabawar shiga, wata makaranta ta ɗauke ni, za a fara karatu a watan Janairu. Kuɗin ajiyar farko daga adashin da muke yi da matan masallaci zan biya, an riga an yarda a ba ni ɗaukar wannan watan. A ƙididdigar ofishin ƙwadago na Amurka ta 2023, matsakaicin abin da LPN ke samu a shekara ya kusa dala dubu 60, na RN kuma kimanin dala dubu 86. Na san tazarar tana da yawa. Amma dubu 60 ɗin ma ya yi wa abin da nake samu yanzu fintinkau, kuma cikin shekara ɗaya da 'yan watanni zan iya kai hannu gare shi. Niyyata in yi aiki shekara biyu, in biya bashi, in riƙa ɗaukar darussan share fagen ɗaya bayan ɗaya, sannan in shiga tsarin da kwalejoji da yawa ke da shi na ɗaga LPN zuwa RN.

To ga inda matsalar take. Ina da Yaya a nan, ɗiyar yayan mahaifina ce, ta girme ni da shekara goma sha biyu. Ita ta tarye mu a filin jirgi, a falonta na kwana wata huɗu da yara biyu kafin mu samu ɗaki. Ita ta saya mini rigar sanyi ta farko, ita ta koya mini hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tun a gida nas ce, ta zo nan ta sha wahalar tantance takardu, ta ci jarrabawar RN, yanzu tana aiki a sashen masu ciwo mai tsanani na wani babban asibiti. Babu wanda nake jin kunya a ƙasar nan kamarta.

A wurin wani suna na gaya mata, ina murna, ina zaton za ta rungume ni. Muna kicin muna zuba shinkafa a faranti, mata sun kai takwas a wurin. Ta ajiye ludayi ta ce, "LPN? Ke da kika yi NCE? Ai wannan aikin da kike yi ne yanzu, lasisi kawai za a manna masa." Wata ta yi dariya. Wata kuma ta ce ai ɗiyarta digiri take yi kai tsaye, ba ta tsaya wasa ba. Ɗiyar tata shekarunta 19, a gidan iyayenta take ci take kwana. Ban ce komai ba, na ci gaba da zuba shinkafar, amma hannuna rawa yake yi har sai da na zubar da miya a gefen tire. A jirgi kan hanyar komawa gida na yi kuka, babbar 'yata tana tambayata ko kaina ke ciwo.

Kada in zalunce ta, Anti, don bayan kwana biyu ta kira ni ta yi mini magana ta hankali, kuma akwai gaskiya a ciki. Ta ce manyan asibitocin birnin nan masu digiri suke nema, LPN da wuya ta samu shiga. Ta ce tun 2017 jihar New York ta kafa doka cewa sabuwar RN ma sai ta yi digiri cikin shekara goma da karɓar lasisi, to ina ga mai farawa daga ƙasa, tsani uku ke gabanta. Ta ce karatun LPN na makarantun koyon sana'a sau da yawa kwaleji ba ta lissafa shi a matsayin darussan da aka ci, kuɗi ne da lokaci za su tafi. Sannan ta faɗi wadda ta fi tsaya mini a rai. Ta ce ta ga mata sun fi a ƙirga da suka ce shekara biyu kawai za su yi, da suka ɗanɗana albashi da kuɗin ƙarin awanni, gida aka fara kawo musu buƙatu, ga su nan shekara goma sha biyar suna tura keken magani a gidan tsofaffi, mutum talatin ko fiye a wuyan mutum ɗaya, gwiwa ta lalace, karatu ya fita daga kai.

Daga nan ta yi mini tayi: in bar maganar LPN, ita za ta ranta mini kuɗin darussan share fage, in biya bayan na zama RN. Na yi mata godiya na ce a'a. Ba girman kai ba ne. Kuɗin makaranta ne za ta ranta, ba kuɗin haya da abinci da maganin Inna na shekara huɗu ba. Kuma na san halinta da nawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da na faɗi wata jarrabawa, ko na samu ciki, ko na ce zan huta zango ɗaya, ban san da wane ido zan dube ta ba. Tun daga wannan a'ar, mako biyar ke nan, ba ta ɗaga wayata. Na aika saƙo sau uku, ana nuna ta karanta.

Abin bai tsaya nan ba, maganar ta kai gida. Baba ya kira ni ta WhatsApp, muryarsa a sanyaye, ya ce an gaya masa na bar karatun nas na gaske zan yi irin na yaran da ke koyon allura a kemis. Kin san yadda ake kallon waɗannan a wurinmu, masu sa farin kaya ba tare da sun shiga makarantar jinya ba. Na yi ta yi masa bayani cewa wannan makaranta ce da gwamnati ta amince da ita, da jarrabawar ƙasa, da lasisin da za a iya ƙwacewa idan ka yi ganganci. Ya ce, "To, Allah Ya yi albarka, amma ki bi maganar yayarki, ita ta riga ki sanin ƙasar." Ban taɓa saɓa wa Baba ba tunda nake. Wannan jumlar ita ke hana ni barci.

Maigidana kuwa ya ce duk wanda na zaɓa yana bayana, ya kuma yarda zai koma tuƙin dare don ya riƙa kai yara makaranta da safe. Sai dai ya ƙi sa baki tsakanina da Yaya, ya ce maganar dangi ce.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni ma tsoron da Yaya take ji mini ina jin sa. A inda na yi wani aikin wucin gadi na san wata 'yar Jamaika, LPN ce tun kafin in gama sakandare. Ba ta taɓa komawa makaranta ba. Ta sayi gida, ta yaye 'ya'ya biyu daga jami'a, tsofaffin wurin sunanta suke kira kafin na kowa, kuma sababbin RN ita suke tambaya idan abu ya rikice. Ban ga abin raini a rayuwarta ba ko kaɗan. Amma ranar da na tambaye ta ko ta taɓa son ci gaba, sai ta yi shiru tana gyara katin wuyanta, can ta ce kullum cewa take baɗi. Ni RN nake so in zama, har cikin zuciyata. Ina so wata rana in zama ni ce mai sa abin sauraro a bayan tsohuwa in ce a tafi asibiti yanzu. Idan na tuna shirun matar nan sai gabana ya faɗi.

Duk da haka idan na koma kan takardar lissafina, amsa ɗaya take ba ni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya ta zo ƙasar nan da takardar nas a hannu, ba ta da ɗa a lokacin. Ni na zo da goyo da takardar da aka ce ta tsufa.

Anti, ki taimake ni da shawara. Ta yaya zan je wa Yaya? In je gidanta ba tare da na sanar ba, ko in nemi wata babba cikin matan masallaci ta shiga tsakani, ko hakan zai ƙara tona abin da ya kamata ya tsaya a cikin gida? Idan na ba ta haƙuri, ina tsoron ta ɗauka na janye ne, ni kuwa haƙurin ɓacin ranta zan bayar, ba na zaɓina ba, kuma ban san yadda ake faɗar wannan ga wadda ta girme ka ba tare da ya zama rashin kunya ba. Sannan maganar Baba: abin da ya faɗa umarni ne da zan yi zunubi idan na tsallake, ko shawara ce ta uba da aka ba shi labari rabi? Zan so in ji ta bakin malamin da kike gayyatowa wani lokaci. Kuma idan cikin masu sauraronki akwai wadda ta bi wannan hanyar ta kai RN, a nan ko a Kanada, don Allah ta faɗa mini me ta yi da ya hana ta zama, musamman ta fuskar buƙatun gida da ke ƙaruwa da zarar an ji albashi ya ƙaru.

Makarantar ta ba ni zuwa ƙarshen watan nan in biya kuɗin ajiya, in ba haka ba a ba wani kujerar. Kuɗin adashin zai shigo hannuna ranar Juma'a mai zuwa. Idan da hali, ki karanta wasiƙar nan kafin lokacin, kuma don Allah a sakaya sunana, don matan unguwarmu da yawa suna sauraronki.

Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Taki,
Ƙanwarki daga Bronx