Kyafaffen Kifin Salmon da Lafiyar Masu Juna Biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili domin in ja hankalin mata masu juna biyu game da kyafaffen kifin salmon da ake shigowa da shi daga Turai, wanda ake sayarwa a manyan kantuna an yanka shi fale-fale, launinsa ruwan hoda, cikin leda a liƙe, ana ɗora shi a kan burodi a ci haka nan.

Da yawa daga cikinmu suna ɗaukarsa tamkar bandar tarwaɗar Baga, wadda ta sha wuta har ta bushe, kuma a miya ake tafasa ta. Wannan kuwa gishiri ake sa masa, sannan a bar shi cikin hayaƙin da zafinsa ba ya wuce digiri 30, saboda haka bai dahu ba. Irin wannan ɗumi ba ya kashe ƙwayar cutar listeriya da kan iya kasancewa a jikin kifin, wadda take hayayyafa ko a cikin sanyin firij, balle a wurinmu inda ake ɗauke wuta firij ya wuni a kashe.

Hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta bayyana cewa haɗarin kamuwar mai ciki da wannan cuta ya ninka na sauran mutane sau 10, kuma a shekarar 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta shawarci masu ciki su guji irin wannan kifi idan ba a dafa shi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a jikin uwa cutar takan zo da zazzaɓi da ciwon jiki kawai, wani lokaci makonni bayan cin kifin, sai a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a aika kemis a sayo magani, alhali ƙwayar tana iya ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, ta jawo ɓari, ko bakwaini, ko a haifi jariri babu rai.

Shi kansa kifin abinci ne mai kyau, domin mansa yana taimaka wa ƙwaƙwalwar jariri. Wadda take kwaɗayinsa ta dafa shi har tsakiyarsa ta yi tururi, ta ci da zafinsa. Ina kuma kira ga ma'aikatan awon ciki da su riƙa faɗa wa mata wannan, kuma duk mai cikin da ta ji zazzaɓi ta garzaya asibiti ta gaya wa likita abin da ta ci.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Kano.